Wa Ke Tare Ruwan Teku a Port Arthur?

Malam mai sauraronmu daga Maraɗi, ka tambaya wa ke gina shingen tare ambaliyar teku a Amurka.

To, aikin haɗin gwiwa ne. Ɗauki birnin Port Arthur a jihar Texas. Bayan guguwar Harvey ta 2017, majalisar dokokin ƙasar ta ware kuɗi a 2018 don ƙara wa shingen birnin tsayi. Injiniyoyin soja ke ginin, tarayya na biyan kashi 65 cikin ɗari, ragowar 35 na wuyan hukumar magudanan ruwa ta yankin, da tallafin jiha. Ita hukumar ce kuma ke yanke ciyawar shingen, ta toshe ramuka, ta tada injinan zuƙe ruwa ko da tsakar dare. A ganina, Malam, wannan kulawa ta kullum ta fi ginin kansa wuya.