Ku Buɗe Dilar Ku Ƙirga

'Ya'yana masu riƙe wa iyayen gidanku lissafi a Kantin Kwari da Sabon Gari, ku matso mu yi magana.

Gobarar da ta tashi a kasuwar Abubakar Rimi cikin watan Maris na 2016 ba kaya kaɗai ta ci ba. Ta lashe littattafan bashi da rasit, mutum ya wayi gari yana bin wane kuɗi amma babu takardar nunawa. Shi ya sa nake jin daɗi idan na ga takardun odar Guangzhou da Dubai suna zuwa ta imel, ku kuma kuna ajiye kwafinsu. Abin da ke damuna shi ne yadda kuke gaskata kwamfuta. Da ta rubuto cewa ta gama adanawa, sai ku rufe ta ku kama gabanku.

Mu a zamaninmu, in ɗan dako ya sauke dilar atamfa, ko ƙaninka ne ya aiko ta, sai ka yanke igiya ka ƙirga turmi-turmi. Ba zargi ba ne, ciniki ne.

Haka ajiyar kwamfuta ma take, sai an buɗe an duba, don wuta takan ɗauke ana tsakiyar kwafa. Data takan ƙare. Wani lokaci maigida ya canza kalmar sirri bai gaya wa kowa ba, manhajar adanawa ta yi watanni tana ƙwanƙwasa ƙofa ba ta shiga. Gmail kuwa gigabait 15 yake bayarwa kyauta, kuma da hotunan biki da saƙonnin kasuwa duk rumbu ɗaya suke ci. In ya cika, sabon saƙo ba ya shigowa balle a adana shi. Mai riƙe da saƙo a waya da kwamfuta ma kada ya sakankance: galibi madubin juna ne, ka goge nan, can ma ya tafi.

Don haka duk ranar Juma'a, kafin a tafi masallaci, ku buɗe ajiyar da hannunku. Ku duba kwanan watan saƙon ƙarshe. Ku nemo wani rasit na bara, ku buɗe shi har takardar da ke maƙale da shi, ku ga tana karantuwa. In ta Google Takeout kuka nemi kwafi, ku sauke shi da wuri, don bayan kamar mako guda ba za ku same shi ba.

Filas ɗin da kuka sayo a titin Beirut don adana kwafin kuma, don Allah kada ya kwana a aljihun teburin shago tare da kwamfutar. Ku tafi da shi gida, ku ba uwargida ta sa a akwati.