An cire mini tsiro a hanji, shin ciwon daji ne?

Malama, ki kwantar da hankalinki. Tsiron da ke fitowa a bangon babban hanji galibi ba ciwon daji ba ne. Akasarinsu ba sa rikiɗewa su zama ciwon daji, waɗanda ke rikiɗewa kuma kan ɗauki kusan shekara 10 kafin su kai ga haka, don haka cire shi tun yana ƙarami shi ne rigakafin. Wani bincike da aka yi a Amurka, aka wallafa a 2012, ya nuna cire irin wannan tsiro ya rage mutuwa daga dajin hanji da kashi 53 cikin 100.

Za ki ce, to me ya sa likita ya ce in dawo? Saboda hanjin da ya taɓa fitar da tsiro yana iya sake fitarwa. Sakamakon gwajin abin da aka cire ne ke tsaida lokacin. Idan tsiron ya kai santimita 1, galibi akan sake dubawa bayan shekara 3. Kada ki tsallake wannan ranar. In kin ga jini a bayan gida ko rama ba dalili, ki koma asibiti ba tare da jira ba.