Amsoshin Tambayoyinku: Me Baƙo Zai Gani a Alƙahira?

Wani mai sauraro daga Damagaram ya tambayi wuraren tarihin da ya kamata mai hutu a Alƙahira ya ziyarta. Gidan adana kayan tarihi na dandalin Tahrir, wanda aka buɗe a 1902, shi ya fi dacewa a fara da shi, sai dai mai neman gawarwakin fir'aunoni, waɗanda aka busar aka naɗe don kada su ruɓe, gidan tarihin da ke unguwar Fustat zai nufa, domin a 2021 aka mayar da na sarakuna 18 da sarauniyoyi 4 can, har da Ramsis na Biyu. Masallacin Azhar kuwa, ginin Fatimiyyawa na ƙarni na 10, ya fi daɗin ziyara da hantsi, kafin masallata su cika shi.