Me Ya Sa Miyar Kukata Ba Ta Yin Daɗin Ta Kakata?

TAMBAYA

Hajiya, ni 'yar Tafashiya ce ta ƙasar Kankiya. A hannun kakata ta wajen uba na tashi, muna ce mata Inna. Aure ya kawo ni Agege a Legas, kuma bara Allah ya yi wa Inna rasuwa. Tun daga lokacin babu abin da nake marmari kamar tuwon dawarta da miyar kuka. Na sayi kuka da daddawa, na bi duk yadda na ga tana yi, amma ko kusa. Wani lokaci ina cikin kaɗa miyar sai in ji hawaye. Yarana kuwa da sun ga tuwon sai su ture, su ce Indomie suke so. Ƙanwar mahaifina, Gwaggo, tana nan da ranta, ita ce ta gaji hannun Inna. Amma tsadar mota da labarin hanya sun sa na daɗe ban je gida ba, har kunyar kiran ta nake ji. Shin hannuna ne ba shi da daɗi, ko kuwa sakaci na yi har abin ya wuce ni?

Hadiza, Agege, Legas

AMSA

Hadiza 'yata, Allah ya jiƙan Inna, ya kai haske kabarinta, ya sa renon da ta yi miki ya zama sanadin tsirarta.

Na karanta wasiƙarki a tsanake, na ga damuwa uku ce ta haɗu miki: miyar da ta ƙi yin daɗin da kika sani, yaran da suka ƙi abincin da kika tashi da shi, da gidan da kike ganin kin yi wa nisa. A ƙarƙashinsu duka akwai tsoro guda, kada a ce da rasuwar Inna igiyar da ta ɗaure ki da Tafashiya ta tsinke.

Ki kwantar da hankalinki. Hannunki lafiyarsa ƙalau, kuma babu abin da ya wuce ki. Hawayen nan ma ba rashin tawakkali ba ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Wadda ta goya ki, ta ciyar da ke da hannunta, ta cancanci a tuna da ita har ido ya jiƙe. Ki bi hawayen da addu'a, shi ke nan.

Akwai dalilin da ya sa kewar ta fi taso miki a bakin tukunya. Harshen mutum ɗanɗano biyar kawai yake bambancewa: zaƙi, ɗaci, tsami, gishiri, da wani irin na romon nama, wanda wani masani ɗan Japan mai suna Kikunae Ikeda ya gano sinadarinsa a 1908. Wannan sinadarin yana da yawa a cikin daddawa, shi ne kuma ake sawa a dunƙulen Maggi da ire-irensa. Sauran abin da muke kira daɗin abinci hanci ne ke kawo shi, shi ya sa mai mura ke cewa bakinsa babu ɗanɗano. Saƙon ƙamshi kuwa gajeriyar hanya gare shi zuwa sassan ƙwaƙwalwa masu ajiye abubuwan da suka wuce da abin da zuciya ta ji a lokacin. Don haka da daddawa ta fara tashi a tukunyarki, tsakar gidan Inna ne ke dawo miki gaba ɗaya. Sai ki ɗanɗana miyar, ki auna ta da wancan gidan, ki ga ta gaza.

To, amma ba duka ne tunani ba. Akwai bambanci na gaske tsakanin kayan miyarki da na Inna, kuma wannan ana iya gyara shi.

Mu fara da daddawa, don ita ce uwar miyar. Daga kalwa ake yin ta, wato 'ya'yan ɗorawa, wadda ke nuna da bazara. A dafa kalwar dogon lokaci, a surfe ta a wanke, a sake dafawa, a lulluɓe ta kwana biyu ko uku ta ruɓa, sannan a kirɓa a mulmula a shanya. Kowane mataki yana sauya ƙamshinta, shi ya sa daddawar wannan gida ba ta zama ɗaya da ta maƙwabta. Irun da Yarabawa ke sayarwa a inda kike daga kalwa yake shi ma, amma da danshinsa ake amfani da shi, ba ya samun kirɓi da shanya irin namu. A kasuwa kuma akwai daddawar waken suya. In da ɗaya daga cikinsu kike girki, kin riga kin bar hanyar Inna tun kafin ruwa ya tafasa.

Sai kuka. Tsofaffinmu sun san bishiyar da ganyenta ya fi daɗi da wadda nata ke da ɗaci, kuma a inuwa suke shanya shi don ya riƙe korensa da ƙamshinsa. Wadda ta sha rana takan koɗe, wadda ta daɗe a buɗe a danshin Legas kuma takan yi warin ajiya, yauƙinta ya ragu. Ki duba launin taki. Mai kyau koriya ce shar, kuma da kin buɗe za ki ji ƙamshin ganye.

Dawa ma iri-iri ce. Tuwon kaura daban, na farfara daban. Inna daga rumbu take ɗebowa, a sussuka, a surfa, a wanke, a shanya, a kai niƙa, a tuƙa cikin kwana ɗaya ko biyu. Garin da kike saya a leda ba ki san ranar da aka niƙa shi ba, ba ki san ko ya ga surfe ba. Ki haɗa da wutar kara da itace mai barin ƙamshin hayaƙi, da tukunyar ƙasa mai riƙe zafi a hankali, da man shanun da 'yar Fulani ta kawo da safiyar ranar. Wutar gas da tukunyar ƙarfe ba za su ba ki wannan ba.

Ga abin da za ki gwada. Ki daka daddawa da barkono da citta da masoro da albasa, ki zuba su tun ruwan yana sanyi, ki bar su su daɗe suna tafasa har warin daddawar ya kwanta ya koma ƙamshi. Gaggawa a nan ce ke ɓata miyar yawancin matan birni. Ki sa jiƙaƙƙen wake da kika surfe kika daka, da ƙashi ko kifi banda, wanda zai kawo miki ɗan ƙamshin hayaƙin da kika rasa. Kanwa kaɗan ta isa. In komai ya dahu, ki rage wuta sosai, ki riƙa barbaɗa kuka da hannu ɗaya kina kaɗawa da maburgi da ɗayan, kuma kada ki rufe tukunyar bayan nan. Dunƙulen ɗanɗano ki rage shi, don yakan danne daddawa. Man shanu ki soya shi da albasa, a zuba a kan tuwon lokacin ci.

Tuwon kuma, ki sayi dawar tsaba ki sa a surfa, ki niƙa daidai na 'yan kwanaki. Ki bar talge ya dahu sosai kafin ki sa muciya, in kin gama tuƙi ki rufe ya sulala a kan ƙaramar wuta. Kuka da daddawa ki zuba su a kwalba mai murfi, nesa da tururi.

Duk da haka, 'yata, gaskiya ɗaya zan gaya miki don kada ki wahalar da kanki. Ko da an kawo miki kukar bishiyar Inna da tukunyarta, wani kaso na daɗin nan ba zai dawo ba, domin wadda ta ci wancan tuwon yarinya ce da ta dawo daga makarantar allo da yunwa, ta zauna a tabarma cikin 'yan uwanta, hannuwa suna haɗuwa a akushi ɗaya, kakarta tana tura mata tsoka ta gefe tana ajiye mata ƙanzo. Da safe ga ɗumame a sanyin hunturu. Yarinyar nan ba ta san kuɗin haya ko na makaranta ba. Wannan rabon kin riga kin ci shi, kyauta ce Allah ya yi miki, ba kowa ya samu ba. Ki gode masa, ki daina tuhumar hannunki a kansa.

Yanzu batun Gwaggo, wanda a wurina ya fi miyar muhimmanci. Kunyar da kike ji kullum ƙaruwa take yi, don duk watan da ya wuce sai kiran ya ƙara nauyi. Alhali tsohuwa ba lissafin watanni take yi ba, murya take jira. Ki kira ta cikin makon nan. In ta yi miki 'yar ƙorafi, ki ce, "Gwaggo, na yi laifi, a yafe mini," ki tsaya a nan, ba sai kin jero uzuri ba. Daga nan ki tambaye ta yadda Inna ke haɗa daddawarta. Za ki ga yadda hira za ta ɓarke, domin babu abin da ke faranta wa tsoho rai kamar a nuna masa ana bukatar abin da ya sani. Ki roƙe ta ta haɗa miki kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, a ba wani ɗan gari mai zuwa Kurmi ya riƙo miki. Masu fatauci tsakanin arewa da kasuwar Mile 12 ba sa yankewa.

Waya ba ta maye gurbin zuwa, zumunta a ƙafa take. Na san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin da sai an yi shiri. To, a yi shirin. Ki yi shawara da maigidanki, ki shiga adashi ko ki ajiye asusu da sunan wannan tafiya. Ina ba ki shawarar hutun makaranta na Disamba, lokacin an gama kaka, sabuwar dawa ta shiga rumbu, mutanen gida sun sami sararin zama da baƙo. Batun hanya kuwa, tsoronki ba abin raina ba ne. Ki yada zango a Kano, ki kama hanyar Bichi da Tsanyawa da Yashe zuwa Kankiya da rana tsaka, bayan kin ji ta bakin 'yan uwan da ke can a ranar. In sun ce a dakata, ki dakata. Kada kuma nauyin tsaraba ya hana ki tafiya. Sabulu da turmin atamfa da ɗan goro sun isa, fuskarki ake so a gani.

In kin isa, kada ki zauna a ɗaki a matsayin baƙuwa a riƙa kawo miki kwano. Ki ɗaura zane ki fito madafa. Gwaggo ba za ta iya gaya miki awo ba, domin awonta a tafin hannunta yake, in kin tambaya za ta ce miki "har sai ya yi". Saboda haka duk abin da ta ɗebo, ki tara cokali ko gwangwani ta zuba a ciki kafin ya shiga tukunya, ki rubuta. In ta amince, ki ɗauki muryarta a waya. Rana ta biyu ke za ki girka, ita tana zaune tana gyara miki. Gani ya kori ji, yi kuma ya fi gani. Ki tambaye ta wace bishiya Inna ke tsinkar kuka, wa ya koya mata girki, me suka ci a shekarun fari. Irin wannan sani ba a rubuce yake ba, kuma duk tsohuwar da ta tafi da nata take tafiya.

Ki kuma zagaya ƙawayen Inna da suka rage, har da dangin da ke wajen Kusada in akwai. An ruwaito cewa Manzon Allah, bayan rasuwar Nana Khadija, idan ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta da nama. Kwanon tuwon da kika tuƙa da hannunki kika kai wa ƙawar Inna, kyautatawa ce ga Innar kanta.

Yaranki kuma ba su yi laifi ba. Yaro abin da ya saba da shi yake so, kuma masana abincin yara sun lura sau da yawa sai an gabatar wa yaro da sabon abinci sau 10 ko fiye kafin ya karɓa. Kada ki tilasta, kada ki yi faɗa, kada ki ce musu 'yan Legas marasa asali, domin yaron da aka yi wa tsawa a kan tuwo, tsawar zai tuna duk ranar da ya gan shi. Ki ware rana ɗaya a mako, ku shimfiɗa tabarma, ku ci a kwano ɗaya har da mahaifinsu. Ki fara da ƙaramar malmala da man shanu isasshe. Ki ba wannan tankaɗe, ki ba wancan maburgi, kina ba su labarin Inna. Ɗanwake da dambu da fura sukan fi saurin shiga ran yara, ki buɗe ƙofa da su. In kuma kin tafi da su Tafashiya suka wuni suna guje-guje da 'yan uwansu, yunwa za ta yi miki rabin aikin.

Ki sani, yadda kike zaune kina kewar tuwon Inna, haka wata rana waɗannan yaran za su zauna a wani gari suna neman ɗanɗanon miyarki, wannan da kike rainawa yau. Ke ce Innarsu. Don haka ki girka da sakin fuska, ki zauna ki ci tare da su. Sauran masu karatu da ke da tsohuwa a gida, su ma wannan shawarar tasu ce, a je tun ana iya tarar da ita.

Allah ya ƙara wa Gwaggo lafiya da nisan kwana, ya kai ki gida lafiya ya dawo da ke lafiya, ya shirya miki zuriya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. In kin dawo, ki rubuto mini yadda kuka yi.