Yaro mai tafiya bisa yatsun ƙafa: yaushe za a yi haƙuri, yaushe za a tafi likita?

Da rarrafe yaro kan tashi, in ji Hausawa. Daga zama sai rarrafe, daga rarrafe sai tsayuwa da dafa bango ko turmi, sa'annan tatata. A wannan matakin ne uwa kan lura ɗanta yana ɗage dunduniya, yana taka ƙasa da yatsu kaɗai kamar mai sanɗa. Maƙwabciya ta ce tamowa ce, kaka ta ce iska ce, wani ya ce gado ne. Ga mafi yawan yara wannan ɗagen yana wucewa da kansa. Ga kaɗan daga cikinsu kuwa alama ce ta ciwon da ke son magani tun da wuri. Manufar wannan darasi ita ce uwa da mai faɗakarwa na gari su iya bambanta biyun.

Yadda tafiya take samuwa

Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa a 2006, bisa yaran ƙasashe 5 har da Gana, ya nuna lafiyayyen yaro yana fara tafiya shi kaɗai tsakanin wata 8 da wata 18. Saboda haka kada a auna yaro da ɗan kishiya ko ɗan maƙwabta.

Sabon mai tafiya yana ware ƙafafu, yana ɗaga hannuwa, yana faɗuwa yana tashi. Wani lokaci ya taka da tafin ƙafa gaba ɗaya, wani lokaci da yatsu. Sannu a hankali yake koyon fara aza dunduniya kafin yatsu, kuma galibi hakan kan daidaita wajen shekara 2.

Ɗagen da ba ya da illa

Hankalin uwa ya kwanta idan yaro bai cika shekara 2 ba, kuma:

- yana ɗage ƙafafun biyu daidai da juna, jefi-jefi;
- in ya tsaya cik, ko ya tsuguna yana wasa, dunduniyarsa tana sauka ƙasa;
- idon sawunsa yana lanƙwasuwa ba tare da tauri ko kuka ba;
- ya zauna, ya tsaya, ya fara kiran sunaye a kan lokaci.

A fara duba dalilai na kusa. Rairayi mai zafi a lokacin bazara, ƙarangiya, ƙayar da ta karye cikin tafin ƙafa, faso, ƙuna ko takalmin da ya matse, duk suna sa yaro ya ƙi aza dunduniya. A wanke ƙafar a duba ta a wuri mai haske.

Alamomin da ke buƙatar likita

A kai yaro likita, CSI ko ɗakin shan magani mafi kusa, idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Ya wuce shekara 2 yana tafiya bisa yatsu mafi yawan lokaci.
2. Ƙafa ɗaya kaɗai yake ɗagewa, ko yana ɗingishi.
3. Dunduniya ba ta isa ƙasa ko da yana tsaye.
4. Ƙafafunsa suna sandarewa, ko suna giccewa kamar almakashi in an ɗaga shi, ko hannunsa ɗaya yana dunƙule kullum.
5. Da yana takawa daidai, daga baya ya koma ɗage, ko yana yawan faɗuwa, ko sai ya dafa gwiwa da cinya kafin ya miƙe daga ƙasa.
6. Ya cika wata 18 bai fara tafiya ba.
7. Ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ba ya haɗa ido da mutane, magana kuma ta yi jinkiri.

Akwai abin da ba a kwana da shi: yaron da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, ya yi laƙwas. A kai shi likita a ranar, domin ana bincikar irin wannan saboda shan inna.

Me ke kawo ɗagen da ya daɗe?

A bayan ƙafa akwai agara, jijiya mai ƙarfi da ta haɗa naman ƙwauri na baya da dunduniya. In ta gajarta ko ta ɗaure, sai ta janye dunduniya sama. Wani yaron sabo ne kawai ya bi masa jiki, wani lokaci ma akan samu irinsa cikin dangi. Wani kuma ƙwaƙwalwarsa ce ta samu rauni, sai naman jikinsa ya riƙa sandarewa. Abubuwan da kan jawo wannan rauni sun haɗa da doguwar naƙuda har jariri ya yi jinkirin kuka, haihuwar bakwaini, shawara mai tsanani a kwanakin farko, sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya kai ga suma ko jijjiga. Akwai kuma ciwon gado mai raunana naman jiki, wanda ya fi kama yara maza. Ma'aikacin lafiya ne zai tantance. Laifin uwa ba ya cikin ko ɗaya.

Ina ruwan abinci da wannan?

Tamowa ba ita ke sa yaro ya ɗage dunduniya ba, kuma biskit ɗin tamowa ba ya gyara agara. Amma yunwa da ƙarancin jini suna jinkirta tsayuwa da tafiya, domin naman jiki ba ya samun ƙarfi. Wani abin lura shi ne, yaron da jikinsa ke sandarewa sau da yawa tauna da haɗiya suna yi masa wuya, sai ya rame fiye da tsararrakinsa. Irin wannan yaro a zaunar da shi a miƙe lokacin ci, a ba shi abinci mai laushi da kauri kaɗan-kaɗan, ba tare da ɗura ba.

Ga kowane mai koyon tafiya: a ci gaba da ba shi nono har shekara 2, ban da yayen farat ɗaya. A ƙara wa kunun gero garin ƙuli-ƙuli ko na wake da ɗan mai. A ba shi ƙwai, hanta, kifi, zogale da miyar kuka gwargwadon hali. Kada ya rasa bitamin A kowane wata 6, da maganin tsutsar ciki daga shekara 1, da maganin rigakafin zazzaɓi na damina.

Aikin mai faɗakarwa

Duk ranar awo kuna riƙe ƙafafun yara, kuna danna su daƙiƙa 3 domin neman kumburi. Tun da ƙafar tana hannunku, ku ƙara abu uku:

- Ku sa yaro ya tako zuwa wajen uwarsa ba takalmi, a inuwa, ku dubi dunduniyarsa ta baya.
- Ku kwantar da shi rigingine a cinyar uwa, gwiwa a miƙe, ku tura tafin ƙafar zuwa sama a hankali. Lafiyayyar ƙafa tana miƙewa tsaye har ta ɗan karkato wajen ƙwauri. In ta cije, ku bari, kada ku tilasta.
- Ku tambayi uwa yadda haihuwar ta kasance, da ko yaron ya taɓa suma ko jijjiga.

Ku auna damtse kamar kullum. Ja, wato ƙasa da milimita 115, ko kumburi a ƙafafu biyu, na tafiya likita ne nan take. Abin da kuka gani ku faɗa wa ma'aikacin lafiya ya rubuta cikin karne. Kada ku sa wa ciwo suna a gaban jama'a. Ku keɓe uwa ku yi mata bayani.

Abin da uwa za ta yi a gida

Ki sauke shi daga goyo ya samu lokacin wasa a tabarma da tsakar gida mai shara. Ki bar shi ba takalmi inda babu ƙaya ko zafi. Ki aje masa abin wasa a ƙasa domin ya tsuguna ya ɗauka, tsuguno yana miƙar da agara. Ki guji keken da ake zaunar da jariri ciki ƙafafunsa na reto, domin da yatsu yake tura shi, ga kuma haɗarin faɗawa murhu. Ban da duka ko tsawa. Ban da tsaga, sakiya ko lalas a dunduniya: ba sa sassauta jijiya, sai dai su bar gyambo.

Akwai magani

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In an zo da wuri, sau da yawa motsa jijiya da masu gashin ƙashi ke koya wa uwa ya isa. Wani yaron sai an yi masa ɗaurin filasta na ƴan makonni, ko takalmi na musamman. Kaɗan ne ke kai wa ga aiki, kuma CSI ce za ta tura su babban asibiti. A Yamai akwai asibitin yara na CURE da ke kula da irin waɗannan matsalolin ƙafa. In aka yi jinkiri agara tana ƙara ƙagewa, gyaran ya ƙara wuya.

Tambayoyin bita

1. Yaro ɗan wata 15 yana ɗage ƙafafu biyu jefi-jefi, amma yana tsuguno daidai. Me za ku ce wa uwarsa?
2. Yarinya ƴar wata 20 tana ɗage ƙafar hagu kaɗai. A jira ta cika shekara 2?
3. Wace alama ce ba a kwana da ita?