DARASI: Saɓanin Kiristoci a Kan Gurasa da Ruwan Inabi, Haƙiƙa Ne Ko Majazi?



Ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata mas'ala daga cikin mas'alolin maƙwabtanmu Kiristoci, wadda ta raba kawunansu ɗaruruwan shekaru. Hikaya muke yi ta abin da suka ce, hikaya kuwa ba yarda ba ce. Malamanmu magabata sun riga mu yin haka. Ibn Hazm na Andalus (ya rasu 456 Hijira) a littafinsa Al-Fisal, da Shahrastani (ya rasu 548 Hijira) a Al-Milal wan-Nihal, sun zauna sun rarrabe ƙungiyoyin Nasara na zamaninsu, Malkaniyya da Ya'aƙubiyya da Nasɗuriyya, domin sun san wanda bai san maganar mutum ba, ba ya iya yi masa adalci, balle ya kira shi zuwa ga gaskiya.

1. KIRISTOCIN DA KE TARE DA MU

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristocin Nijar ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Duk da ƙarancinsu, sun kasu gida biyu manya.

Gida na farko su ne Katolika, mabiya Paparoma. Sun kafa mishan a Yamai a 1931, aka ba Yamai bishop nata a 1961, aka buɗe yanki na biyu a Maraɗi a 2001, kuma a 2014 aka naɗa Laurent Lompo babban bishop na Yamai, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe wannan muƙami. Babbar majami'arsu a nan birni ita ce Notre-Dame du Perpétuel Secours.

Gida na biyu su ne Furotesta, waɗanda akasarinsu a ƙasarmu ake ce wa ƴan Bishara. Mishan ɗin SIM ta iso Damagaram a 1924, ta yi aiki a Tsibiri kusa da Maraɗi, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, kuma daga aikinta ne ƙungiyar majami'un EERN ta fito. Akwai kuma Baftis da wasunsu. Da yawa daga cikinsu da Hausa suke ibada, da littafinsu da aka kammala fassarawa zuwa Hausa a 1932.

Mai wucewa ta ƙofar majami'un nan ranar Lahadi zai ɗauka abu guda ake yi a ciki. Alhali kuwa akwai ibada guda wadda ɗan Bishara ba a yarda ya karɓe ta a hannun fada ba, shi ma Bakatolike ba ya zuwa neman ta a wurin fasto. Ita ce cin gurasa da shan ruwan inabi, wadda ƴan Bishara ke kira Jibin Ubangiji, Katolika kuwa suke yin ta a cikin sallarsu ta Misa.

2. ASALIN IBADAR

Littattafan Matiyu (sura 26), Markus (14) da Luka (22), da wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga mutanen Koranti (11), sun ba da labarin cewa Annabi Isa (AS) ya ci abincin dare na ƙarshe da almajiransa, ya gutsuttsura gurasa ya ba su, ya ce musu jikinsa ce, ya miƙa musu ƙoƙon inabi ya ce jininsa ne. Luka da Bulus sun ƙara da cewa ya umurce su su riƙa yin haka domin tunawa da shi.

To, a nan gizo ke saƙar. Saɓanin duka yana kan ƴar ƙaramar kalmar nan "ne". Ɗalibin balaga ya san idan aka ce "wane zaki ne", ba ana nufin yana da geza da farata ba, majazi ne. Idan kuma aka nuna dabbar a gidan adana namun daji na Yamai aka ce "wannan zaki ne", haƙiƙa ce. Shin maganar gurasa haƙiƙa ce ko majazi? Masu haƙiƙa sun riƙe "ne", masu majazi sun riƙe "tunawa".

3. RA'AYOYI HUƊU

Na farko, ra'ayin Katolika. Sun ce da zarar fada ya karanta kalmomin a kan gurasa da inabi, to zatinsu ya juya ya zama jiki da jinin Almasihu, abin da ya saura kawai shi ne launi da ɗanɗano da ƙamshi. Babban taronsu na Lataran na huɗu a Roma ya tabbatar da wannan a 1215. Malaminsu Toma Akwinas (ya mutu 1274) ya yi masa bayani da falsafar Aristo, wato rarrabewa tsakanin jauhari da aradi. Duk wanda ya karanta littattafan tauhidi irin su Ummul Barahin na Shehu Sanusi ya san kalmar aradi, wato sifar da ba ta tsayuwa da kanta sai a jikin wani abu. Akwinas kansa ya karanta Ibn Sina da Ibn Rushd a fassarar Latin. Maganarsa ita ce jauharin gurasa ya tafi, aradinta ya tsaya ba tare da jauharinsa ba, ta hanyar mu'ujiza. Kiristocin Gabas, kamar Kibɗawan Masar da Habashawa da Girkawa, su ma suna kan haƙiƙa, sai dai galibinsu sun bar kaifiyyar a matsayin asiri.

Na biyu, ra'ayin Martin Luta na Jamus, wanda ya fara tawaye ga Paparoma a 1517. Ya ce gurasa tana nan gurasa, inabi yana nan inabi, amma jiki da jini suna tare da su a haƙiƙa. Ya ƙi bayanin falsafa, ya riƙe zahirin lafazi.

Na uku, ra'ayin Zuwingili na birnin Zurik a Siwizalan. Ya ce "ne" a nan ma'anarta "alama ce ta". Ya kafa hujja da cewa a littafin Yohanna an kira Annabi Isa (AS) ƙofa, an kuma kira shi kurangar inabi, ba wanda ya ɗauki wannan a zahiri. Ya kuma ce jikin da suka yarda yana sama ba zai kasance a kan teburori dubu a lokaci guda ba.

Na huɗu, ra'ayin Kalbin na Janeba, wanda ya tsaya tsakiya. Ya ce gurasa ba ta canzawa, amma mai imani yana samun tarayya da Almasihu a ruhance lokacin da yake ci.

Akasarin ƴan Bisharan Nijar suna tsakanin na uku da na huɗu, sun fi karkata ga tunawa.

4. YADDA AKA KASA SULHU

Gardamar ta girmi Luta nesa ba kusa ba. Tun a ƙarni na 9 wasu malamai biyu na gidan ibada guda a Korbi ta Faransa, Radbertus da Ratramnus, suka yi rubutu kowa da fahimtarsa. Wani malami mai suna Berengar an tilasta masa janye maganarsa a Roma har sau biyu, a 1059 da 1079, saboda ya musanta juyawar zatin gurasa.

A watan Oktoba na 1529 wani basarake na Jamus, Filib na Hese, ya tara Luta da Zuwingili a garin Marbug domin su haɗa kai gaban ƙarfin Katolika. Luta ya ɗauki alli ya rubuta kalmomin gurasar a kan tebur, ya ce ba zai gusa daga gare su ba. An rubuta mas'aloli 15, suka daidaita a kan 14, ta ƙarshe ta gagare su, aka watse ba haɗin kai. Su kuma Katolika a taronsu na Tarento, a zaman Oktoba na 1551, suka yanke hukuncin tsinuwa a kan duk wanda ya ce alama ce kawai.

Maganar ba ta tsaya a fatar baki ba. A Faransa a 1534 aka wayi gari an lilliƙa takardun zagin Misa a Pari da wasu garuruwa, sarki Faransuwa na ɗaya ya fusata, aka ƙona mutane da ransu. A Ingila aka ƙona babban bishop Toma Karanma a Okusfod a 1556, kuma musun juyawar gurasa yana cikin laifuffukan da aka tuhume shi da su. Da reshe ya juye da mujiya, dokar Ingila ta 1673 ta hana kowa riƙe muƙamin gwamnati sai ya bayyana cewa bai yarda da aƙidar Katolika a kan gurasa ba, aka yi sama da shekara 150 ana haka. Da yawa daga cikin majami'un mabiya Luta da mabiya Kalbin na Turai ba su amince su ci jibi tare a hukumance ba sai da yarjejeniyar Loyenbag ta 1973. Ko a cikin gida guda ma ba a tsira ba, domin binciken cibiyar Pew a 2019 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na Katolikan Amurka suka ce sun yarda gurasar tana juyawa a haƙiƙa.

5. ALAMOMIN SAƁANIN A AIKACE

Aƙida ita ke haifar da aiki. Tunda Katolika sun ɗauki gurasar jiki ce, ba mai tsarkake ta sai fada da aka naɗa, ana ajiye ragowarta a wani akwati na musamman da fitila tana ci a gefensa, mai shiga yana durƙusa mata, kuma mai karɓa yana kame baki awa guda kafin ya karɓa. Dokarsu ta 1983 ta wajabta gurasar alkama da ruwan inabi na gaske, saboda haka ko da wasu malamansu na Afirka suka nemi a yarda da gero, Roma ba ta amince ba.

Ƴan Bishara kuwa tebur ne a gaban jama'a, fasto ko dattawa su raba, galibi ba kowace Lahadi ba, kuma ba a durƙusa wa ragowar. Da yawansu suna ƙyamar giya, shi ya sa suke amfani da abin sha marar sa maye. Wani Ba'amurke mai suna Toma Welc ne ya fara dafa ruwan inabi don kada ya zama giya, a 1869, musamman saboda wannan ibada.

6. MATSAYIN MUSULUNCI

Ɓangarorin huɗu duka sun gina ibadar a kan cewa an gicciye Annabi Isa (AS), jininsa ya zuba fansa ga zunuban mutane. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i aya ta 157 da 158 ya kore kisan da gicciyewar, ya tabbatar da cewa Allah Ya ɗaukaka shi zuwa gare Shi. Suratul An'am aya ta 164 kuwa ta karantar da mu cewa babu mai ɗaukar nauyin zunubin wani. Don haka Musulmi ba ya goyon bayan ɗayan ɓangarorin, kuma ba ya halartar wannan ibada don ya ci ko ya sha.

Kada kuma a cakuɗa wannan da ƙissar teburin abinci da ke Suratul Ma'ida aya ta 112 zuwa 115, inda Hawariyawa suka roƙi a saukar musu da abinci daga sama domin zukatansu su natsu. Mafi yawan masu tafsiri sun ce ya sauka, an ruwaito daga Mujahid da Hasanul Basri cewa bai sauka ba. Ko ta wace fuska, aya ce ta ikon Allah da arziki daga gare Shi, babu zancen jiki ko jini a cikinta.

7. ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Da farko, adalci a magana. Suratul Ankabut aya ta 46 ta hana mu jayayya da Ma'abota Littafi sai ta hanya mafi kyau. Mai wa'azin da ya hau mumbari ya ce duk Kiristoci suna cewa gurasa nama ce, ya yi wa ɗan Bishara ƙage. Wanda ya ce duk sun ɗauke ta alama, ya jahilci Bakatolike. Wanda aka fara yi wa ƙage kuwa ba zai saurari sauran maganar ba. Manzon Allah (SAW) ya karɓi tawagar Nasaran Najran a Madina, ya saurari hujjarsu kafin ya ba su amsa.

Na biyu, haƙƙin maƙwabtaka. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatancin wata jaridar Faransa, an ƙona majami'u da yawa a Damagaram da Yamai, na Katolika da na ƴan Bishara, aka rasa rayuka kimanin goma, alhali ba su ne suka yi zanen ba. Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu a gidajensu a waɗannan ranaku su ne suka yi aiki da karantarwar addini. Saɓanin aƙida, komai girmansa, ba ya halatta jini ko dukiyar wanda muke zaune lafiya da shi.

Na uku, wa'azi ga kanmu. Mutanen Marbug sun daidaita a kan 14, suka rabu a kan guda, da yawa daga cikin jikokinsu suka yi sama da shekara 400 kafin su dawo tebur ɗaya. Mu ma muna da mas'alolin zahiri da tawili, muna da saɓanin ƙabalu da sadalu, har wani ya ƙi bin wani salla a unguwa guda. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A bar mas'alolin ilimi a hannun malamai, a tattauna su da hujja da ladabi, kada a kai su kasuwa da tasha.

TAMBAYOYIN BITA

1. Mene ne bambancin haƙiƙa da majazi? Kawo misali guda daga Hausa.
2. Faɗi ra'ayoyi huɗu na Kiristoci a kan gurasa da inabi, da wanda ake danganta kowanne gare shi.
3. Wace aƙida ce ɓangarorin suka haɗu a kanta, kuma me Alƙur'ani ya ce game da ita?
4. Waɗanne haƙƙoƙi ne maƙwabci wanda ba Musulmi ba yake da su a kanka?

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya haɗa kawunan Musulmi a kan alheri.