Amsar Tambaya: Kyamarar Kwamfuta a Matsayin Mai Gadin Sito

Tambaya: Wani ɗan kasuwa daga Makarfi, wanda yake tara mazarƙwaila a sito, yana son sanin ko ƙaramar kyamarar kwamfuta za ta iya sanar da shi idan an shiga ɗakin.

Amsa: Buƙatar mai tambaya tana biyuwa da kuɗi kaɗan. Manhajar gano motsi tana kwatanta kowane hoto da wanda ya gabace shi, idan kuma yawan ɗigogin da suka sauya ya zarce wani adadi da aka ƙayyade, wato ma'aunin motsi, sai ta adana hoton, ta aika saƙo idan akwai intanet. Manhajar Motion kyauta ce, tana aiki a kan Linux, ko a tsohuwar kwamfuta ko a ƙaramar na'urar Raspberry Pi. Mai sha'awar rubuta tasa kuwa ya nemi OpenCV da Python.

Wahalar tana wajen saita ma'aunin, domin idan ya yi ƙasa, ƙadangare ko ɓera ko hasken da ke ratsowa ta taga duk za su tayar da ƙararrawar ƙarya, saboda haka a fuskantar da kyamarar ga ƙofa, a gwada ta kwana biyu ko uku, a riƙa goge ƙurar hunturu daga gilashinta. Kyamarar da aka saba amfani da ita ba ta gani a duhu, sai an bar fitila ko an sayi mai gani da dare. Ɗaukewar wuta tana wajabta batir ko sola.

Ya kamata mai tambaya ya sanar da yaran shagonsa cewa ya sa kyamara, kuma kada kyamarar ta leƙa gidan maƙwabci.